Ƙanwata za ta yi aure a Yamai, ni kuwa tsoron mota ya hana ni barci

Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce, shekarata 36, 'ya'yana huɗu, a nan Damagaram nake zaune, ɗinki nake yi a gida. Shekara biyu ke nan muna dawowa daga biki a ƙauye cikin Hiace, taya ta fashe, motar ta ƙwace wa direba ta yi ta juyawa da mu. Matar da ke zaune kusa da ni a nan Allah ya karɓi abinsa. Ni karaya kawai na samu a hannu, kuma ta warke. Tun daga ranar ban sake fita daga gari ba, ko rasuwa aka yi a ƙauye sai dai in aika da gaisuwa.

Yanzu ƙanwata za ta yi aure a Yamai nan da mako uku. Wurin wanmu take zaune, mahaifiyarmu ta rasu, ni ce uwa. Tun da aka sa rana barci ya ƙaurace mini. Da na tuna da hanya sai gabana ya faɗi, zuciyata ta riƙa dukan uku-uku, hannuwana su yi sanyi, wani lokaci har numfashi ya yi kamar zai ɗauke. Ina mafarkin motar nan tana juyawa. Duk bidiyon haɗari da aka turo a WhatsApp sai na kalle shi har ƙarshe, ban san dalili ba. Har na fara biyan basussuka a ɓoye, ina yi wa babbar ɗiyata wasiyya. Maigida ya ce raunin imani ne, uwar mijina ta ce iska ce, wata ƙawata kuma ta kawo mini ƙwayoyi daga wurin mai tallar magani, ta ce in na sha biyu ba zan farka ba sai Yamai. Hajiya, in je ko in haƙura? In kuma zan je, yaya zan yi da kaina?

Wata 'yar'uwa, Damagaram

*

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan wadda ta rasu, ya jiƙan mahaifiyarku, ya sa alheri a auren nan.

Ki je. Amma kada ki zauna jiran ranar da tsoron zai yaye sannan ki sayi tike, domin wannan rana a cikin ɗaki ba ta zuwa. Shekara biyu kina jiranta. Mako ukun da suka rage sun ishe ki aiki, in kika fara daga gobe.

Kafin komai, ƙwayoyin nan ki mayar wa ƙawarki da su, ki yi mata godiya, don da kyakkyawar niyya ta kawo. Ba ki san abin da ke ciki ba, ita ma ba ta sani ba, shi kansa mai tallar da wuya in ya sani. Irin waɗanda ake sayarwa don barci galibi diyazefam ne ko danginsa, wani lokaci a haɗa wa mutum da tiramadol. Diyazefam yana kama jiki cikin 'yan makonni in ana shansa a kai a kai, tiramadol yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, in kuma aka haɗa su biyun suna iya danne numfashi. Ga su sun sha rana a kan tire, ga na jabu da yawa. Bayan wannan ma, macen da ta yi wuni guda a sume cikin mota ba ta iya kula da jakarta, ba ta iya sauka da ƙafarta a shingen jandarma, kuma za ta isa Yamai da tsoronta cif yadda ta baro gida da shi, ga dawowa na jiranta. In har akwai buƙatar magani, likita ne zai rubuta shi bayan ya duba ki.

Abin da ke samun ki sananne ne, kuma kin fi kowa sanin inda ya samo asali. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ranar da motar ta juya, ƙwaƙwalwarki ta haɗa ƙarar inji, warin mai, matsatsi da gudu, ta ɗaure su wuri guda da mutuwa. Yanzu ko tunanin ɗaya daga cikinsu ya gifta, sai ta ba jiki umarnin gudu. Wani sinadari da ake kira adirenalin ya kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara bugu don ta kai jini ga cinyoyi da damatsa, jinin da ke tafin hannu ya ragu, shi ne sanyin da kike ji. Numfashi ya zama gajere da sauri. Wannan saurin numfashin yana fitar da iskar kabon dayoksaid fiye da kima, daga nan jiri yake zuwa, leɓe da yatsu su riƙa tsirtsiri, ki ji kamar iska ba ta isar ki alhali ta yi miki yawa ne ma. Sai ki tsorata da abin da jikin ke yi, tsoron kuma ya ƙara masa wuta. Irin wannan tashin yakan kai ƙololuwa cikin minti goma ko ƙasa da haka, sannan ya fara sauka da kansa, ko kin yi wani abu ko ba ki yi ba. Yana da wahala ƙwarai, amma ba ya tsayar da zuciya, ba ya haukatarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba a duniya, kuma mata sun fi yawa a ciki. A cikin wannan adadi akwai malamai, akwai sojoji, akwai masu tsayuwar dare.

Duk da haka, cikin makon nan ki je asibiti a duba ki. A auna hawan jini, a duba ƙarancin jini da sukari, a duba maƙoƙo, domin waɗannan ma suna sa bugun zuciya da kakkarwa, kuma ƙarancin jini ba baƙo ba ne ga macen da ta haifi huɗu. In an ce lafiya lau, kin sami hujjar da za ki riƙe a hannu ranar da zuciya ta fara ce miki mutuwa ce ta zo. Kuma kada ki tsaya ga "gabana yana faɗuwa" kawai. Ki ba likita labarin haɗarin, da mafarkin, da shekara biyun da kika yi ba ki fita ba. Mafarkin da yake maimaita kansa da guje wa duk abin da ke tuna wa mutum da abin da ya faru, in sun wuce wata guda, alamu ne na raunin da mummunan tashin hankali ke bari a zuciya, kuma yana da magani, akasarinsa ma na zama da hira da wanda ya karanci abin ne. Ki nemi a tura ki wurin masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a babban asibiti. Na san abin da za ki ce, kada a gan ki a ƙofar nan a ce kin taɓu. Masu faɗin haka ba su ne suke kwana ido biyu ba. Wannan aikin ya wuce bikin, ko kin dawo daga Yamai lafiya sai ki ci gaba da shi. Amma in wata rana kika ji ciwon ƙirji mai nauyi yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, ko kika suma, wannan ba a zama a yi masa numfashi, asibiti ake nufa nan take.

Yanzu ga abin da nake so ki fahimta fiye da komai. Duk lokacin da aka yi rasuwa a ƙauye kika aika da gaisuwa, me kika ji da motar ta tashi ba ke? Sanyi a rai, kamar an sauke miki kaya. To wannan sanyin shi ke ciyar da tsoron. Ƙwaƙwalwa tana rubutawa: mun ƙi shiga, mun tsira, ashe ƙin shigar ne ya cece mu. Ba ta taɓa samun damar ganin kin shiga kin sauka lafiya ba, don haka labarin ƙarshe da take da shi game da mota shi ne na ranar nan. Kuma abin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yau doguwar tafiya ce, gobe motar cikin gari, jibi adaidaita, wata rana a wayi gari mace ba ta iya kai ɗanta asibiti sai da ƙafa. Na ga waɗanda abin ya kai su nan. Magana ba ta goge labarin, ko tawa ko ta wani. Sabon labari ne kawai ke danne shi, shi kuwa sai jiki ya shiga mota ake samunsa.

Saboda haka kada tafiyar Yamai ta zama ita ce ta farko. Kusan kilomita 900 ne, asuba zuwa dare, ba a fara koyo da wannan. Gobe da la'asar ki hau adaidaita ki je tashar kamfanin da za ki bi, ba don tafiya ba. Ki sami benci ki zauna kamar mai jiran baƙo. Ki kalli kar, wato babbar motar fasinja, tana shigowa da ƙurarta, yara na rububin kaya, tsohuwa na saukowa tana miƙa tana salati, wani na neman buhunsa yana faɗa da mai sauke kaya, wata na goya ɗanta tana waya tana cewa ga mu mun sauka. Gabanki zai faɗi, na sani. Ki zauna. Ki auna tsoron a ranki daga ɗaya zuwa goma, ki sake aunawa bayan minti goma, ki kuma sake. Kada ki tashi yana tara. Ki bari sai kin gan shi ya sauko biyar ko huɗu da kansa, sannan ki koma gida. Ki maimaita washegari. WhatsApp bai taɓa turo miki bidiyon motar da ta iso lafiya ba, don ba mai ɗauka, alhali ita ce ake yi kullum safe da yamma.

Daga nan sai ƙaramar mota cikin gari, daga unguwarku zuwa kasuwar Dole, a dawo, har sai abin ya fara gundurar ki. Gundura ita ce alamar an ci wannan mataki. Sai Mirya, kilomita 18 kacal, ki sa ranar Lahadi da kasuwarsu ke ci don ki sami abin da ya kai ki, ki sayo kayan miya ki dawo. A nan zan ce ki nemi motar wani ɗan'uwa ko abokin maigida mai tuƙi a natse, ba lallai sai motar haya da aka cusa mutum ashirin ba. Gudun irin wannan lodi hankali ne, ba ciwo ba. Mako na ƙarshe ki je Takeita, wajen kilomita 50, a kan hanyar da za ki bi ranar tafiya. In kin yi haka, ranar da kar ta tashi, farkon hanyar kin riga kin san shi, kin san inda ake shan kwana da inda ake rage gudu.

Kowane mataki zai yi miki wuya a farko. Ba alamar abin ya ƙi ba ce. In kin ji zuciya ta fara dukan, ki dafa cikinki ƙarƙashin mayafi, ki shaƙi iska ta hanci a hankali kina ƙirga huɗu har ki ji cikin ya taso, sannan ki fitar da ita ta baki kina ƙirga shida, kamar mai hura kunu. Fitarwar ce ke da muhimmanci, ita ke gaya wa zuciya ta sassauta. In ƙirgar tana ɓace miki, ki riƙe tasbaha, kowane numfashi ƙwaya ɗaya, ki ja "Hasbunallahu wa ni'imal wakil" a hankali tare da fitar iskar. Ki koyi wannan tun yanzu, bayan kowace salla minti biyar, lokacin da hankalinki ke kwance. Wadda ba ta koya a kan darduma ba ba za ta tuna da shi a bayan Tasawa ba.

Bidiyon haɗari kuwa, daga yau an rufe. Kin ce ba ki san dalilin kallon ba. Zuciya ce ke zaton in ta kalla da kyau za ta gano yadda za ta kauce, sai ta ƙare da ƙarin hotunan da za ta nuna miki da dare. Ki kashe saukar bidiyo da kansa a wayarki, ki fita daga zauren da aka fi turowa har bayan biki, in an tambaya ki ce aiki ya yi miki yawa, gaskiya ce kuma, ɗinkin amarya na hannunki. Ni dai har gobe ban gane ladan da mai ɗaukar gawar bayin Allah a bakin hanya yana rabawa yake nema ba. Waɗannan iyayen wasu ne.

Ba zan ce miki hanya ba ta da haɗari ba. Da na faɗa ma ba za ki yarda ba, ke da kika gani da idonki. Abin da zan ce shi ne ki raba damuwarki gida biyu, wadda ke da aikin yi da wadda ba ta da shi. Ta farkon ki ba ta aikinta. Ki bi babbar kar ta kamfani mai tasha da lambar kujera, kada ki bi ta bakin hanya don rangwamen jika biyu. Ki ɗauki mai tashin asuba, ki bar ta dare, domin da dare ne barci ke sace direba, ga dabbobi da amalanke da manyan motocin da suka lalace ba fitila. Ki sayi tike da wuri don ki zaɓi kujera, daga tsakiya zuwa gaba inda girgiza ba ta da yawa, amma ban da layin farko, inda za ki wuni kina taya direba tuƙi da ido, duk motar da ya wuce ranki ya tashi. In kujerar tana da bel ki ɗaura, ko da ke kaɗai ce kika ɗaura a motar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana rage haɗarin mutuwa har da kusan rabi. In kuma kika ga direba yana waya ko yana gudun da ya wuce hankali, ki yi magana, ki nemi dattijon da ke kusa ya sa baki. Maganar tsaro a wasu sassan ƙasa ma gaskiya ce, amma wanku da ma'aikatan tasha sun fi Facebook sanin halin da hanya ke ciki. Ki tambaye su sau ɗaya ana gobe tafiya, ki tsaya a kan abin da suka ce.

Ta biyun ita ce "in taya ta fashe fa", "in ban dawo ba fa". Wannan ba ta da amsa, ko kin kwana kina juya ta. Ki ware mata lokaci, minti goma sha biyar bayan la'asar, ki zauna da takarda ki rubuta duk abin da take faɗa, ki ninke ki ajiye. In ta zo da tsakar dare ki ce mata sai gobe da la'asar. Kamar wasa ne, amma yana aiki ga mutane da yawa. Rubuta bashi da wasiyya abu ne mai kyau ga kowane musulmi, mai tafiya da mazauni. Ki yi shi sau ɗaya, ki ba maigida, a rufe. Amma ki daina yi wa yarinyar nan sallama kullum. Ba ta da inda za ta kai wannan nauyi, kuma kina koya mata tsoron da ita ba ta yi haɗarinsa ba.

Mafarkin kuma tuni ne na abin da ya wuce, ba labarin abin da ke tafe ba. Koyarwar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan mummunan mafarki ita ce mutum ya yi tofi ta hagunsa sau uku, ya nemi tsari, ya juya kwanciya, kada ya yi ta yawo da shi. Faɗa wa likita don neman magani daban ne da kai shi wurin masu fassara. Ba ni da ja da addu'a da tofi, ki karɓi na uwar mijinki da hannu biyu. Wanda nake ja da shi shi ne duk wanda zai ce miki ya duba ya ga jini a hanya, ko an yi miki asiri, sai kin kawo kaza da kaza. Mai tsoro kasuwa ce ga irin waɗannan.

Ga saƙo kuma zuwa ga maigida, in kin ga da hali ki karanta masa. Malam, matarka ta fito daga motar da aka mutu a cikinta, gawa a kafaɗarta. Annabi Musa, da ya ga igiyoyin matsafa suna motsi, Alƙur'ani ya ce ya ji tsoro a ransa, a aya ta 67 cikin suratu Ɗaha, kuma ba wanda ya ce imaninsa ya yi rauni. Allah cewa ya yi da shi kada ka ji tsoro, bai zarge shi ba. Duk sanda ka ce mata raunin imani, ka ƙara mata kaya na biyu a kan na farko, ga tsoro ga jin laifi. Abin da take buƙata gare ka ƙarami ne. Ka raka ta Mirya. Ka zauna kusa da ita, kada ka ce "me ye abin tsoro a nan", kada kuma ka ce direba ya juya da zarar ta fara kuka. Ka ce mata ina nan, zai wuce. In ba za ka sami zuwa Yamai ba, ka nemo mata abokiyar tafiya mai natsuwa, ba wadda za ta wuni tana ba ta labarin wanda ya mutu a kowace kwana ba.

Daren tafiya wataƙila ba za ki yi barci ba. Ba komai, ba ke za ki tuƙa ba, ki kwanta dai ki huta da jikinki. Kaya a ɗaure su tun ana jibi, katin ɗan ƙasa da tike da 'yan canji a ƙaramar jaka a jikinki, waya cike da caji, da zane mai kauri don sanyin na'ura. Da asuba ki ci ɗan abu mara maiƙo. Shayi mai ƙarfi, Nescafé da goro ki bar su ranar, suna sa bugun zuciya iri ɗaya da na tsoro, sai ki kasa bambance su. Akwai wata ɗabi'a tamu ta mata da nake so ki bari, wato ƙin shan ruwa wuni guda don gudun fitsari a hanya. Ƙishirwa tana kawo jiri da ciwon kai da bugun zuciya. Ki riƙa kurɓa kaɗan kaɗan, duk inda aka tsaya ki sauka ki kewaya, ki taka ƙafa, ki yi alwala. Tafiyar ta wuce nisan ƙasaru nesa ba kusa ba, kina da rangwamen da Allah ya ba matafiyi. In mota tana sa ki tashin zuciya, ki daina kallon waya, ki kai ido nesa, ki tauna 'yar citta, ko ki tambayi mai farmasi maganinsa tun kafin ranar.

In kin zauna kin karanta addu'ar hawa, kada ki ce wa ranki za ni Yamai. Ki ce za ni Takeita, wadda kin riga kin sani. Daga Takeita za ki Tasawa. Daga nan Gazawa, Agye, Cadawa, sai ga Maraɗi, kin ci kusan kilomita 240. Sai Gidan Rumji, Madawa, Galmi da tulin albasarta a bakin hanya, Malbaza da kamfanin siminti, Tsarnawa, Birnin Ƙonni, nan kin raba hanya biyu har da ɗoriya. Sai Dogon Dutsi, sai Dosso, daga nan abin da ya rage bai fi 140 ba, in da sauran haske ma wajen Kure kina iya hango raƙuman dawa. Ki rubuta sunayen nan a takarda, duk wanda aka wuce ki soke shi da biro. Za a riƙa tsayawa a shingaye, wani wuri a ce kowa ya sauko da katinsa. Haka ake yi kullum, ba wani abu ne ya faru ba. Ki yi yarjejeniya da maigida cewa za ki kira daga Maraɗi, Ƙonni da Dosso kawai, kuma akwai wuraren da waya ba ta shiga, don kada shiru ya tayar musu da hankali su kuma su tayar miki da naki. In kina da 'yan'uwa a Maraɗi kuma kin ga wuni gudan ya yi miki yawa, ki raba tafiyar biyu ki kwana can. Ba gazawa ba ce.

Ki sa a ranki cewa abin zai taso miki a hanya, wataƙila fiye da sau ɗaya, musamman in mota ta faɗa rami ko aka taka birki da ƙarfi. In ya zo, ki kafa tafin ƙafarki a ƙasa, ki jingina, ki fara numfashin nan, ki duba agogo. Ki gaya wa ta kusa da ke tun farko, "Baiwar Allah, na taɓa yin haɗari, in kin ga ina kakkarwa ki yi mini hira kawai." Matanmu ba sa ƙin wannan, sai ma ki rasa yadda za ki yi ta yi shiru. Abin da ba na so shi ne ki ce a sauke ki a tsakiyar daji. Ki ba shi minti goma a agogo, sannan ki sake aunawa.

In kuma asubar ta zo, kin je tasha, ƙafa ta ƙi hawa, kada ki koma gida ki rufe ɗaki ki ce shi ke nan. Shi ya sa nake so ki sayi tiken kwana huɗu ko biyar kafin ɗaurin aure, ba ana gobe ba. Ki tambayi masu sayar da tike ko za a mayar miki da shi washegari, ki wuce asibiti a ranar ki gaya wa likita abin da ya faru, da la'asar ki koma tasha ki zauna a bencin nan, gobe ki sake gwadawa. Ki kira ƙanwarki tun yau ki gaya mata gaskiyar abin da kike fama da shi, don ina zaton har yanzu cewa kike yi mata ɗinki ne ya riƙe ki. In kin dawo daga Mirya ki rubuto mini, ki gaya mini nawa tsoron ya kai da tafiya, nawa ya kai da dawowa.